Tambayi Injiniya: Mu shida ne a takarda, ni kaɗai ne a wokshof

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk magana ɗaya suke yi: aikin rukuni na ɗaliban injiniya. Zangon ƙarshe ya raba tsakiya, ranar kare furojet, wato aikin kammala karatu, ta ƙarato, waɗanda suka daɗe suna haɗiye abu sun fara faɗa. Na zaɓi biyar. Kamar kullum na cire sunayen mutane da na makarantu, na kuma taƙaita wasu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Injiniya, ni ɗalibi ne a aji biyar, sashen injiniyan injuna. An haɗa mu mu shida mu ƙera injin daddatsa karan dawa don abincin dabbobi. Tun da aka fara ni na yi lissafi, ni na yi zane, ni nake zuwa wokshof. Mutum ɗaya ne yake ɗan leƙowa. Sauran huɗun sai dai su rubuto a WhatsApp, "Allah ya ƙara basira, shugaba." Ranar kare aiki kuma maki ɗaya za a ba mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In cire sunayensu daga rahoton ne, ko in kai ƙara, ko in yi shiru? (Ɗalibi, daga Kaduna)

AMSA: Ɗana, ɓacin ranka yana kan hanya, kuma ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai in wuce ba. Abin da ya same ka tsohuwar cuta ce, har an auna ta. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya a shekarun 1880 yana auna ƙarfinsu, kowa shi kaɗai, sannan a rukuni, ya buga sakamakon a 1913. Da suka kai takwas a igiya ɗaya, ƙarfin da kowa ke bayarwa ya sauka zuwa wajen rabin abin da yake bayarwa in shi kaɗai ne. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Bibb Latané da abokan aikinsa, suka yi irin wannan gwajin da tafi da ihu. Abin da ya fito fili shi ne mutum yana rage himma da zarar ya ga ba za a iya ware nasa a gane ba.

Kakanninmu sun san maganin nan. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san ba a sakin samari a gona a ce musu "ku nome". Ana jera su, kowa da kunyarsa, makaɗi yana gefe yana kiran suna. Wanda ya yi baya kowa na ganinsa, wanda ya yi noman ganin ido ya bar ciyawa, kunyar da ya bi ita za ta tona shi. To in tambaye ka: a cikin injin nan naku, wace kunya ce ta kowanne daga cikin huɗun? Wa ke da wuƙaƙe? Wa ke da firam? Wa ke da motar lantarki mai juya injin da bel da fuli? Wa ke da murfin kariya da gwaji? In amsarka ita ce "duk namu ne", to igiyar Ringelmann kuke ja, kuma kai ka riƙe ta kai kaɗai tun makon farko.

A nan ne zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Na koyar da ɗalibai irinka da yawa, masu ƙwazo, masu tsoron kada wani ya ɓata musu maki. Mako na biyu wani ya kawo lissafi da kuskure, sai mai ƙwazon ya karɓe ya sake yi da dare bai ce masa komai ba. Mako na uku wancan ya gane cewa ko ya yi ko bai yi ba, za a sake. Mako na huɗu ya daina zuwa. Ban ce haka ta faru a wurinku ba, domin akwai malalata na gaske waɗanda ko ƙafa ka riƙe musu ba za su motsa ba. Amma ka bincika zuciyarka. A cikin mutum huɗu da suka janye, da wuya a rasa ɗaya ko biyu da kunya ta kora, suna jin ba su iya ba, kuma ba wanda ya ba su abin da ya dace da hannunsu.

Bari in ba ka labarin namu, domin akwai wani abu da ya fi lalaci haɗari. Muna aji biyar aka ba mu, mu huɗu, injin ɓarar gyaɗa. Ba malalaci ko ɗaya a cikinmu. Muka raba aiki: ni na ɗauki shaf da fuli, wani ya ɗauki firam, wani ganga da rariya, na huɗu sayayya. Motar da muka samu tana juyi 1440 a minti, lissafinmu ya ce gangar ta yi wajen 240, na fitar da fuli ɗaya bisa shida, na zana shaf mai kauri milimita 25, aka feƙe mini shi daidai. Mai sayayya ya je kasuwa neman boris. A kasuwa da inci ake magana, ya ce a ba shi na inci ɗaya, aka ba shi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Har yau ina tuna lambobin: wanda muke buƙata UCP205, wanda ya sayo UCP205-16, in ka ajiye su a tebur ba ka bambance su da ido. Muka zura shaf ya shige sulul, muka yi murna, muka ɗaure ƙananan kusoshin. Da muka kunna, injin ya fara rawa, gangar tana gogar rariya gefe ɗaya, gyaɗar da muka zuba ta fito gari. Kwana biyu muna zargin mai walda. Wani dattijo mai kula da wokshof ne ya zo ya kashe wuta, ya kama shaf ɗin da hannu ya girgiza, ya ce a miƙo masa ma'auni. Abin da ya ci mana kwana goma da kuɗin da ba mu da shi bai kai rabin milimita ba. Ni na yi nawa daidai, shi ma ya sayo abin da ya ambata daidai. A mahaɗar aikina da nasa ne ba kowa.

Wannan mahaɗar ita ce dalilin da ya sa ake haɗa ku a rukuni, ko da malaminku bai faɗa muku ba. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda irin wannan: manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da awon ƙarfin turin roka da ma'aunin fam, masu tuƙa kumbon suna karanta shi a matsayin niyuton, wani ma'aunin ƙarfi daban, alhali fam ɗaya na ƙarfi ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wancan asarar dukiya ce kawai. Wanda nake karanta wa ɗalibaina duk shekara shi ne na otal ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas na Amurka, ranar 17 ga Yuli, 1981. Akwai gadojin tafiya a rataye a cikin zauren otal ɗin, ta hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu. A zanen farko, doguwar sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta kai ta ƙasa, kowace gada tana zaune a kan nata notin. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wahalar haɗawa, aka mayar da sandar biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A takarda ƙaramin canji ne. A zahiri mahaɗar gadar sama ta koma ɗaukar nauyin gadoji biyu, ninkin abin da aka yi niyya. Zanen ya bi ta ofishin injiniyoyi aka buga masa hatimi ba tare da an sake lissafin wannan mahaɗar ba. Ana cikin taron rawa gadojin suka rufto, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni, injiniyoyin da ke da alhakin zanen aka ƙwace lasisinsu. Ɗalibin da ya yi furojet ɗinsa shi kaɗai a ɗaki, komai kyansa, bai taɓa wannan darasin ba. Shi ya sa nake jin tsoro a kanka kamar yadda nake ji a kan huɗun.

Yanzu ga abin yi. Kada ka cire sunan kowa da hannunka. Sashe ne ya haɗa rukunin, sashe ne zai raba shi, kuma in ka yi gaban kanka, maganar za ta tashi daga "ba su yi aiki ba" ta koma "ya yi mana rashin mutunci", kai ne za ka zama abin tuhuma. Kada kuma ka yi shiru. Ka kira zama ido da ido a wokshof, kusa da injin, a wannan makon. WhatsApp ba wurin wannan maganar ba ne. Ka rubuta abin da ya rage, ka raba shi bisa sassan injin. Ku guji rabon babi-babi, wato wane ya rubuta babi na ɗaya, wane na biyu, domin haka ake samun mutumin da ya rubuta tarihin injin amma bai san inda ake kunna shi ba. Kowane sashe ya zama da suna ɗaya da rana ɗaya. Sannan ku buɗe shafi guda na mahaɗa: kaurin shaf da lambar boris, tazarar ramukan da motar za ta zauna, faɗin bakin da kara zai shiga, duka da milimita, mutum biyun da abin ya shafa su sa hannu. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk zama a rubuta wanda ya zo, abin da ya kawo, da abin da ya ɗauka.

Ka ba su mako biyu. Wanda ya dawo, ka karɓe shi da fuska a sake, kuma in ya kawo kuskure ku zauna ku gyara tare, hannunsa a kan biro. Wanda bai dawo ba, ka ɗauki littafin ka kai wa malamin da ke duba aikinku, ka ajiye a gabansa, ka bar littafin ya yi magana. Ka roƙe shi abu biyu: a sa shafin rabon aiki a farkon rahoton wanda kowa zai sa wa hannu, kuma ranar kare aiki a tambayi kowa a kan sashensa.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ni kaɗai ce mace a rukuninmu na mutum biyar, sashen lantarki. Inbata muke haɗawa mai aiki da batirin sola. Tun ranar farko suka ce ni ce sakatariya, ni ke buga rahoto ni ke riƙe kuɗi. Haɗin kuma da dare suke yi a ɗakin kwanan maza. Ba su taɓa yi mini rashin kunya ba, amma har yau ban taɓa allon haɗin lantarkin da hannuna ba. (Ɗaliba, daga Bauchi)

AMSA: 'Yata, wasiƙarki ta fi duk sauran taɓa ni, saboda na sha ganin haka a gabana kuma na daɗe kafin in fara tsawatarwa. Samarin nan a ganinsu sauƙi suka yi miki. Sauƙin da zai sa ki fita da digirin injiniya ba ki taɓa narka dalma a kan allo ba, cutarwa ce, ko da ba su nufa ba.

Maganar wuri ita ce ta farko, kuma ba ta buƙatar faɗa. Aikin makaranta a ɗakin gwaje-gwajen sashe ake yin sa, da rana, inda akwai osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta, da mai kula da kayan aiki. Ki faɗa musu haka a fili. In sun ce wuta ce matsala ko lokaci, ki kai wa malaminku, hakkinki ne.

Na biyu, ki karɓi sashe na injin da sunanki a kai. In sun riga sun rarraba haɗin, ki ce gwaji da awo naki ne, kuma kada ki raina shi. Inbata mai ba da wat 1000 daga batiri mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80 ta ɓangaren batirin, tun kafin a lissafa abin da ke salwanta a zafi. Wa ya lissafa kaurin wayar da za ta ɗauki wannan? Wa ya zaɓi fis? Wa ya duba siffar wutar da ke fitowa a osiloskof, da yadda take canjawa in an jona fanka maimakon ƙwan fitila? Wa ya auna abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙaramin lodi da rabin lodi da cikakken lodi? Waɗannan su ne tambayoyin da mai jarrabawa daga waje yake yi, kuma a rukunoni da yawa ba mai amsa su, domin kowa ya tsaya a "ta kawo wuta". Ki zama ke ce mai teburin awon nan. Sannan ki nemi allo ɗaya, ko na caji ne, ki haɗa shi tun daga farko har ƙarshe da hannunki.

Buga rahoto kuma a zagaya da shi, kowa ya rubuta bayanin sashensa. Akwai ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya, APWEN, wadda Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafawa a 1982, tana da rassa a jihohi, ki nemi na kusa da ke. A 2024 kuma Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE. Ki rubuto mini in kin gama allon.

TAMBAYA: Malam Injiniya, ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko mai zurfi ba. Yarona ya ce in turo masa kuɗi, rukuninsu sun yanke kowa ya kawo kasonsa a kai wa wani mai walda ya haɗa musu furojet, wai haka kowa yake yi. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni, wannan karatu ne? (Mahaifi, daga Kano)

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka tura. Amsar ta danganta da abin da za su kai wa mai waldar. Zuwa wurin masu sana'a ba laifi ba ne. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a nan Kano cike suke da mutanen da hannunsu ya fi na yawancinmu masu digiri, kuma injiniya duk rayuwarsa da irinsu zai yi aiki. In yaran sun yi lissafinsu, sun zana zanensu da awo, suka kai, suka tsaya a kai ana yanka ana walda, mai waldar yana ce musu "nan ba zai yiwu ba" suna komawa suna gyara zanen, wannan karatu ne mai kyau ƙwarai. In kuwa kuɗi da hoto daga intanet za su miƙa, su dawo bayan mako biyu su ɗauka su shafa fenti, to saye suka yi, kuma rahoton da za su rubuta a kai ƙarya ce. Mai jarrabawa da ya san aikinsa tambaya ɗaya zai yi, me ya sa kuka zaɓi wannan kaurin ƙarfen, sai ɗakin ya yi tsit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba sai ka iya lissafin injiniya ba kafin ka gane. Kai ɗan kasuwa ne, ka nemi abin da za ka nema a wurin yaron shagonka. Ya turo maka hoton zanen, da jerin kayan da za a saya kowanne da farashinsa, da ladan mai walda a ware. Sannan ka kira shi ka ce ya bayyana maka da Hausa wane ɓangare ne nasa da yadda yake aiki. Wanda ya yi abu da hannunsa yana iya bayyana shi ga mahaifinsa. Yaron da ya kai aji biyar ya riga ya yi aikin wokshof na bayan aji biyu, ya kuma yi wata shida na SIWES, shirin koyon aiki a masana'antu da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta fara a 1973. Bai kamata riƙe ma'auni ya gagare shi ba.

Wani abu kuma, tunda ka ce kuɗin ba su dame ka ba. Ka gargaɗe shi kada ya ce zai biya kason wani shi kuma a ɗauke masa aiki. Wannan cinikin yana yawa a rukunoni, mai hali ya kawo kuɗi, marar hali ya kawo gumi, kuma ɗan mai halin ne yake fita hannu wofi. In yana so ya taimaki abokinsa da ba shi da shi, ya taimaka don Allah, ya kuma je wokshof.

TAMBAYA: Injiniya, an ce mu zaɓi 'yan rukuninmu da kanmu a zango mai zuwa. In zaɓi abokaina? (Ɗalibin aji uku, daga Minna)

AMSA: Ɗana, ka zaɓi wanda za ka iya ce wa "aikin nan bai yi ba" ku kuma ci abinci tare da yamma. In abokinka yana cikin irin waɗannan, ɗauke shi. Ka duba wanda ke zuwa aji a kan lokaci da wanda ke mayar da abin aro. Kada ku taru duk masu lissafi, ku nemi mai hannu, musamman waɗanda suka shigo da difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, da yawansu sun riga ku sanin wokshof. Kuma kada ku wuce huɗu in an ba ku zaɓi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sabon malami ne, ajina ya haura ɗalibi 150. Ba yadda zan yi sai rukuni. Amma raina ba ya kwanciya in na ba mutum takwas maki ɗaya alhali na san biyu ne suka yi. Yaya kuke yi? (Malami, daga Zariya)

AMSA: Ƙanena, rashin kwanciyar ran nan ka riƙe shi, shi ne zai sa ka gyara. Da farko ka daina kallon rukuni a matsayin dabarar rage takardun da za ka duba. A 2023 hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe suka fara ƙullawa a 1989 don amincewa da digirin injiniya na juna. Cikin siffofin da yarjejeniyar ta ce dole wanda ya kammala ya kasance da su akwai iya aiki shi kaɗai da kuma cikin rukuni, a matsayin mamba ko shugaba. Ma'ana abu ne da ake so mu koyar, mu auna, mu nuna shaida. Maki ɗaya ga mutum takwas ba shaidar komai ba ne.

Takwas sun yi yawa. Ka lissafa mutum biyu-biyu da dole su fahimci juna: a rukunin mutum 4 hanyoyi 6 ne, a na 6 hanyoyi 15, a na 8 hanyoyi 28. Kowace hanya mahaɗa ce da abu zai iya faɗawa. In yawan ɗalibai da tsadar kaya sun tilasta maka takwas, ka raba injin gida biyu, huɗu-huɗu, kowane gida da sashensa, ka sa su rubuta takardar mahaɗa tsakaninsu. Da haka yawan ya zama darasi.

Ga yadda nake raba maki. Rabin makin rukunin kowa yana samu. Ɗaya rabin ina ninka shi da awon gudummawa, wanda ke fitowa daga makin da 'yan rukunin suka ba juna a asirce, a raba na mutum da matsakaicin na rukunin. Jami'ar Loughborough a Ingila ta gina manhaja mai suna WebPA a kan irin wannan lissafin, amma takarda da Excel sun ishe ka. Misali aikin ya ci 60. Kowa yana da 30 a hannu. Wanda awonsa ya fito 1.2 zai ƙara 36, ya tashi da 66. Wanda nasa ya fito 0.5 zai ƙara 15, ya tashi da 45. Wanda littafin aiki ya nuna bai taɓa zuwa ba, wannan ba maganar lissafi ba ce, ka kai shi gaban sashe.

Tsarin yana da ramuka, kuma yaranmu za su gano su. Za su haɗa baki su ba juna maki ɗaya don kada a ce wane ya ci amanar wane. Wani lokaci kuma su taru a kan mutum ɗaya saboda ba ɗan garinsu ba ne, ko saboda mace ce. Don haka kada su cike takardar a tare, kuma kowane maki ya zo da jimla ɗaya ta dalili: me wannan ya kawo? Ka yi sau biyu, na tsakiyar zango ba ya shiga sakamako, gargaɗi ne kawai, kuma shi ne yake dawo da masu janyewa tun da sauran lokaci. Ka sanar da tsarin a makon farko a rubuce.

Abin da ya fi duk wannan shi ne tambayar baki. Jami'ar Aalborg a Denmark, tun kafa ta a 1974, kusan rabin lokacin ɗalibanta a furojet na rukuni yake tafiya, kuma jarrabawarsu zama ne da rukunin gaba ɗaya ana tattaunawa, amma kowa da makinsa. Gwamnatin ƙasar ta taɓa hana jarrabawar rukuni a 2006, bayan 'yan shekaru aka dawo da ita. Ni abin da nake yi, minti uku ga kowane ɗalibi, a gaban injin. Tambaya ɗaya a kan sashensa, ɗaya a kan inda sashensa ya haɗu da na wani. In ce wa mai firam, in aka canja motar nan da wadda ta fi ta girma, me zai canja a wurinka? Ɗalibi 150 sau minti uku awa bakwai da rabi ne, yini biyu in ka samu abokin aiki ɗaya da mai kula da wokshof su zauna da kai. Ka sa mai kula da wokshof ɗin a teburin da gaske, ka ba shi takardar maki, domin shi ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba tun makon farko. Ka gwada a kwas ɗaya a zango mai zuwa, ka rubuto mini yadda rabon makin ya fito.